Daga Jirgin Ƙasa Zuwa Gonakin Kura: Shawara ga Hajiya Mai Tafiya Ita Kaɗai

Iyayenmu mata da yawa sun aurar da 'ya'ya, sun ajiye aikin koyarwa ko na jinya, yanzu ransu yana son ganin ƙasa. Hajiya, idan kina cikinsu kuma kina zaune a Abuja, ki sa gonakin noman rani na Kura da Bunkure a gaba. Shekarunki ba za su hana ki ba, furfura ma kariya ce a ƙasar Kano. Sharuɗɗan biyu ne kawai: ki yi tafiyar rana, kuma ki sami mai masauki kafin ki fito daga gida.

Ki zaɓi Janairu ko Fabrairu. A lokacin alkama ta yi kore shar, tumatir ya nuna, rana kuma ba ta fara ƙuna ba. Sai dai hunturu yana busawa, don haka ki zo da mayafi mai kauri, da man shafawa, da abin rufe hanci saboda ƙura.

Jirgin ƙasa yana tashi daga Idu, ya tsaya Kubwa, ya sauke ki a Rigasa ta Kaduna. An buɗe layin a 2016. Ki sa ɗanki ko jikarki su saya miki tikiti ta intanet da lambarki ta NIN, kuma ki riƙe katin shaidarki a hannu. Kada ki karɓi tikiti daga 'yan bayan fage a bakin tasha, domin sunan wani ne a jiki. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris, 2022, ya tsaya har watan Disamba, kuma jadawalinsa yakan canza, saboda haka ki tabbatar da lokaci tun jajibere, ki ɗauki na safe. Jaka ɗaya ta ishe ki. Maganin hawan jini ko na siga ya zauna a jakar hannu tare da caja. Kuɗi kuwa ki raba su biyu, rabi a lalita.

Sabon layin bai kai Kano ba tukuna, daga Rigasa sai mota. Ki nufi tashar Kawo, ki shiga motar da ke lodi a cikin tasha, ko da ta bakin titi ta fi araha. Ki biya kujerar gaba don gwiwoyinki su huta, ki tura wa gida lambar motar. Za ku wuce Kura kafin ku shiga Kano, tazarar kamar kilomita 30 ce, amma idan yamma ta yi, gara ki kwana a birni, da safe ki hau motar Kura a Unguwa Uku.

Da kin isa, mai masaukinki ya kai ki gaida mai unguwa. Wannan gaisuwa ta minti biyar ita za ta mai da ke baƙuwar gari, kowa ya san da zamanki. Daga nan ki yi shatar A Daidaita Sahu na yini, ku gama ciniki tun kafin ki hau.

Ruwan da za ki gani yana gudu a kanal daga madatsar Tiga yake, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ke kula da rabonsa. Ki tsaya ki kalli yadda manomi ke ban ruwa: zai nutsa bututun roba a ƙaramin kanal, ya toshe baki ɗaya da tafin hannu, ya sauke shi cikin gona, sai ruwa ya bi kunya da kansa ba inji. Amma ki ja baya daga bakin babban kanal, simintinsa yana da santsi, ruwan kuma yana da ƙarfi. Kada ki tsoma ƙafa ko ki yi alwala a ciki, saboda tsargiya. Ki zo da ruwanki da butarki, in za ki kwana kuma ki nemi gidan sauro.

A cikin garin Kura akwai ƙofar da ke buɗe miki wadda namiji baƙo ba zai shiga ba. Ki yi sallama gidajen mata masu turara shinkafa, ki zauna kusa da murhu, ki ji yadda suke sayen shanshera, su turara, su shanya, su kai inji. Ki tambayi marina da mabuga, domin nan ne asalin rawani ɗan Kura mai sheƙi da Buzaye ke ji da shi. Duk wanda za ki ɗauka hoto, ki nemi izininsa, musamman mata masu tsinkar tumatir.

Kasuwar Kwanar Gafan tana kan titin Zariya, manyan motoci suna lodin kwandunan tumatir zuwa kudu. Ki tsaya daga gefe, ki aiki direbanki ya tsallaka ya sayo miki tsaraba.

Da kin idar da sallar la'asar, ki yi sallama da mai masauki, ki kama hanyar Kano. Ki kira gida ki ce kin taso, in kin sauka kuma ki sake kira. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya.