Tsara Amsa a Jarrabawar Nazarin Kafofin Watsa Labarai

Ba rashin karatu kaɗai ke kayar da ɗalibi a jarrabawa ba. Sau da yawa ilimin yana nan, amma an zuba shi ba tsari. Matakin farko shi ne fahimtar kalmar umurni da ke cikin tambaya. "Kawo" tana neman jero abubuwa, "bayyana" tana neman fayyace yadda abu yake, ita kuwa "tattauna" tana buƙatar a auna ɓangarori, sannan a tsayar da matsayi.

A ɗauki wannan tambaya a matsayin misali: "Tattauna rawar da kafofin watsa labarai suka taka wajen fito da Bikin Kamun Kifi na Argungu." Ɗalibin da ya tashi a ƙasar Kabi yakan ji an zo gidansu, sai ya saki alƙalami. Zai kawo ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ta 1934, ya siffanta Matan Fada da masunta da gorunansu, ya cika shafi biyu bai ambaci rediyo ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ba shi aka tambaya ba. Layi uku sun ishi tarihin bikin a shimfiɗa.

Gundarin amsa shi ne inda maki yake. Kowane sakin layi ya ɗauki batu guda: a faɗe shi a jimlar farko, a kafa hujja, sannan a mayar da shi kan tambaya. Rediyo, alal misali, yana isa ga masunci da manomin fadama da ba su karanta boko, amma ba ya nuna girman kifin da aka kama. Wannan aikin talabijin ne da hoton jarida. Irin wannan aunawa ita ce "tattaunawa".

Wajibi ne kuma a kiyaye shekaru. Ɗalibin da ya rubuta cewa *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta ba da labarin ziyarar 1934 a lokacinta ya rushe hujjarsa, domin sai a 1939 aka fara buga jaridar a Zariya. Sashen Hausa na BBC ma sai a 1957 ya soma aiki. Mai duba takarda yakan yafe kuskuren ƙa'idar rubutu ɗaya ko biyu, amma irin wannan yakan sa ya yi shakkar sauran amsar.

Kammalawa ta tsaya kan matsayin da hujjojin suka nuna, kada a shigo da sabon batu a cikinta.