Wankin Saiwar Haƙori, da Dalilin Komawa Wurin Likita

A ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, kamar sauran wurare, in haƙori ya dami mutum abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne a cire. Amma akwai wata hanya da likitoci su ke bi su tsirar da shi. Ya kamata hakimai da malamansu su san yadda ta ke, domin su ne talakawa kan tambaya.

Haƙori hawa uku ne. Na waje shi ne farin ɓawon nan, wanda ya fi kome tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, wanda likitoci ke kira dantin. Can tsakiya kuma akwai rami siriri da ya bi saiwa, inda jijiya ta ke. In ruɓa ta kai ga jijiyar, sai likita ya huda haƙorin, ya kwashe ta, ya kankare ramin, ya wanke, ya cike.

To, shi wannan ƙashi, in aka auna nauyinsa, wajen kashi 70 cikin 100 ma'adini ne, watau kalsiyam da fosfaras, kashi 20 wani irin zare ne, sauran 10 ruwa. Misalinsa ginin ƙasa ne da aka kwaɓa da ciyawa: ƙasa ke ba shi tauri, ciyawa ke hana shi tsagewa.

Magungunan wanki biyu ne manya. Na farko ɗan'uwan ruwan bilic ne na wankin tufafi, wanda Henry Dakin ya tsarma don wankin raunin sojoji a 1915. Ya na kashe ƙwayoyin cuta, ya narkar da ruɓaɓɓen nama, amma in ya yi ƙarfi ko ya jima ya kan ci zaren nan. Na biyu sunansa EDTA, wanda wani likitan ƙasar Norwe, Nygaard-Østby, ya shigo da shi wannan aiki a 1957. Kankara ta kan bar dusa manne a bangon rami, ta toshe ƙananan kafofinsa, ƙwayoyin cuta su ɓuya a baya. EDTA ne ke ɗauke dusar, ta hanyar zare kalsiyam daga cikinta. Sai dai bai san dusa daban, bango daban ba. A 2002 wasu masana biyu na Turkiyya, Çalt da Serper, sun nuna minti 1 ya isa ya kawar da dusar, amma in ya kai minti 10 sai ya zaizaye bangon kansa. Ɗaya na cin ciyawa ke nan, ɗaya na cin ƙasa. Don haka likita ya ke aiki da awo da agogo.

Wannan duk a hannun likita ya ke. Abin da ke hannun majiyyaci shi ne na uku. Sau da yawa ba a gama aikin rana ɗaya. A kan zuba wani farin magani dangin farar ƙasa a ramin, a toshe da ciko na wucin gadi, a ce mutum ya komo bayan mako ɗaya ko biyu. Zogi ya kan ɗauke, shi kuwa mutum ya ga ya warke, ga aikin gona, ga kuɗin mota zuwa Katsina, sai ya zauna. Nan ɓarna ta ke. Ciko na wucin gadi ya kan zube, cuta ta koma. Shi ma maganin ba na zaman dindindin ba ne: a 2002 Andreasen da abokan aikinsa a Danmak sun gwada shi cikin haƙoran tumaki, suka tarar cikin kamar shekara guda ƙarfin saiwar ya ragu da rabi. Saiwa kuwa in ta tsage a tsaye, galibi sai cirewa.

Saboda haka a na roƙon Yandaka da Maradi, da sauran hakimai, su sa dagatai da masu unguwa su faɗakar da jama'a. Wanda aka fara wa wannan aiki ya koma ranar da aka yanka masa, ko ba ya jin ciwo. Kafin a cike, a sa wa haƙorin hula, kada ya fasa goro ko ƙashi da wannan gefe, kada ya sha rake da shi. Masu ɗiga ruwan batir a kogon haƙori kuma a hana su, gama ya na narkar da ma'adinin haƙorin, ya ƙone dasashi. In marar karatu ya kawo katin asibiti, malamin hakimi ya karanta masa ranar komawa, ya gaya masa ko ran wace kasuwa ta faɗa.