Zaɓen Motar Noma Mai Ƙarfi da Kiyaye Ƙasa Mai Danshi

Garin Potiskum, wanda yake kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya yi suna da kasuwar shanu mai ci ranar Laraba, kuma daga wannan kasuwa manoman yankin suka daɗe suna samun shanun huɗa. A 'yan shekarun nan masu hali da ƙungiyoyin manoma na Potiskum da Fika da Nangere sun karkata ga motar noma, wato tarakta, kuma wanda ya fara da ƙarama mai ƙarfin doki 25 ko 30 yakan so ya haura zuwa mai 50 ko 60, domin ta ja faifan garma mai faɗi ta gama gona kafin damina ta yi nisa. Ƙarfin doki shi ne ma'aunin ƙarfin inji, shi ne kuma abin da mai saye yake fara tambaya, alhali ƙasar gona nauyin motar da tayarta take ji, ƙarfin injin bai shafe ta ba.

Ƙasar yankin iri biyu ce. Akwai jigawa mai rairayi, inda ake noma gero da wake da gyaɗa da riɗi, wadda take shanye ruwa da wuri, akwai kuma fadama da kwari masu laka, inda ake shinkafa da masara da kayan lambu, waɗanda sukan riƙe ruwa kwanaki bayan an ɗauke sama. Ƙasa mai kyau kusan rabinta 'yan ƙofofi ne da iska da ruwa suke zama a ciki, kuma ta cikinsu saiwar shuka take bi. Idan abu mai nauyi ya taka ƙasa tana jiƙe sai ƙofofin su toshe, abin da ake kira danƙarewar ƙasa ke nan. Alamunta ba su da wuyar ganewa: ruwa yana kwanciya a sawun taya, masara tana yin rawaya a layi ɗaya yayin da na kusa da shi yake kore shar, kuma idan aka tumɓuke tushe sai a tarar saiwar ta lanƙwashe ta bi gefe don ta kasa huda ƙasa. Jigawa ma ba ta tsira ba, domin yawan wucewar faifai a zurfi ɗaya kowace shekara yakan bar wani daɓe mai tauri a ƙarƙashin huɗa.

Abu biyu ne suke haddasa wannan ɓarna. Danƙarewar saman ƙasa tana bin yawan iskar da ke cikin taya da faɗin wurin da tayar take taɓawa, ta can ƙasa kuwa tana bin nauyin da ke kan kowane gatarin ƙafafu, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyi biyu. Motar da ake magana a kai, mai nauyin tan biyu zuwa biyu da rabi, ba ta kai nauyin da yake danƙare can cikin ƙasa ba, saboda haka kusan duk matsalarta a taya take. Raƙumi ya fi sa nauyi, amma saboda faɗin tafin ƙafarsa ba ya nutsewa a inda kofaton sa yake lumewa, haka nan babbar mota mai faffaɗar taya tana iya zama mafi sauƙi ga gona fiye da ƙarama mai siririyar taya da aka cika da iska tam.

A nan ne ake yawan yin kuskure, domin masu faci sun saba da tayar motar haya, sukan ɗura wa tayar tarakta iska har ta yi tauri. A cikin gona tayar baya ba ta bukatar fiye da awo 12 zuwa 16 a ma'aunin da masu faci suke amfani da shi, gwargwadon nauyin da ke kanta da abin da kamfanin tayar ya ƙayyade, sai in za a hau kwalta da kaya a ƙara mata. Tayar da ake kira radiyal, mai laushin gefe, ta fi shimfiɗuwa a ƙasa, ko da yake ta fi tsada. Wajen zanen taya kuma, mai manyan haƙora a karkace ita ce ta noma, mai haƙora masu zurfi sosai an yi ta ne don gonar shinkafa da rake, mai faffaɗan zane irin ta motocin gine-gine kuwa laka takan cike ta nan da nan ta koma santsi. Manoman shinkafa na Indiya da Tailan suna ɗaura wa mota ƙafafun ƙarfe masu kama da keji idan za ta shiga taɓo.

Mai gona a fadama ya fi dacewa da mota mai ja da ƙafa huɗu, wadda direbobi suke kira mai fowil, domin aikin ja yana rabuwa tsakanin gaba da baya, tayoyin kuma ba su cika tsayawa suna juyawa a wuri ɗaya ba. Taya mai juyawa a wuri ɗaya tana murje laka ta shafe ta kamar yaɓe, kuma wannan ma yana yi mata illa. Ruwan da wasu suke zuba wa taya da ƙarafan ƙarin nauyi suna da amfani a busasshiyar ƙasa mai tauri, amma ya kamata a rage su in za a shiga wuri mai laushi.

Duk da haka, lokacin shiga gona ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi ne ya fi wuyar kiyayewa, saboda damina a nan gajeriya ce, daga wajen watan Yuni zuwa Satumba, masu jiran motar haya suna da yawa, direba kuma ana biyansa ne da yawan gonar da ya nome. Gwajin da ya dace ba ya cin ko kwabo. A haƙa ƙasa zurfin ɗani guda, a ɗebo dunƙule a murza tsakanin tafin hannu biyu. Idan ta miƙe ta yi siriri kamar igiya ba ta karye ba, tana kuma maƙale wa yatsu, to ruwanta ya yi yawa, a dakata. Idan ta farfashe kafin ta yi siriri, mota tana iya shiga. A jigawa jiran bai cika wuce wuni guda ba, a laka kuwa yakan kai kwanaki, musamman a lokacin marka.

Masana ƙasa sun tabbatar cewa wucewar farko ita ce take yin mafi yawan danƙarewa, don haka ya fi kyau direba ya riƙa bin sawu ɗaya maimakon ya yi ta yawo ko'ina, dabarar da manoman Ostireliya suka mayar da ita tsari na musamman. Tirelar da tarakta take ja ma abin tsoro ce fiye da motar kanta, domin buhu 50 na hatsi mai kilo 100 tan biyar ke nan a kan tayoyi biyu sirara, shi ya sa ya kamata ta tsaya a bakin gona a kai mata kaya da amalanke. Wanda fadamarsa 'yar kaɗan ce kuma ruwa yana daɗewa a cikinta, injin huɗa mai ƙafa biyu da ake bi da ƙafa zai fi masa amfani, ya bar babbar motar ga jigawa. Kafin a biya kuɗi kuma, ko Massey Ferguson ce ko Mahindra ko John Deere, a fara tambayar bakanike ko ana samun girman tayarta da kayan gyaranta a Potiskum, ko kuwa sai an aika Kano.