Amsoshin Tambayoyinku: Su Wane ne Arkiya, Kuma Me Ya Haɗa Mu da Su?

Tambayar wannan makon ta zo ne daga wata ɗaliba mai karatun kimiyya a Zariya. Ga abin da ta rubuto: "Kawu, a makaranta an koya mana cewa ƙananan halittun da ido ba ya gani su ne bakteriya da bairos. Kwanan nan na ji ana maganar wasu da ake kira arkiya, har ana cewa wai sun fi kusa da mu a kan bakteriya. Shin ba wani nau'in bakteriya ba ne kawai? Suna sa cuta? Kuma ta yaya abin da ke zaune cikin laka a ƙarƙashin teku zai zama danginmu?"

Sannu da ƙoƙari, 'yata, Allah ya ƙara basira. Tambayoyi uku kika haɗa a ƙulli ɗaya, kuma na ji daɗin kowacce. Bari mu kwance su a hankali.

Arkiya ba bakteriya ba ne. Amma don kin zaci haka ba ki yi laifi ba, domin manyan masana ma haka suka ɗauka har zuwa shekarar 1977. Idan aka ɗora su biyun a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, da wuya a bambance su. Kowannensu ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, 'yar mitsitsiya, kuma ba ta da cibiya, wato ɗan ɗakin nan da ƙwayoyin jikinmu ke adana DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta. Wasu zagayayyu ne, wasu dogaye. Ido bai da abin da zai kama.

Wanda ya raba gardamar shi ne Carl Woese na Jami'ar Illinois a Amurka, tare da abokin aikinsa George Fox. Dabarar da suka bi ita ce barin kallon siffa. A cikin kowace ƙwayar halitta mai rai, ta mutum ce ko ta kuka ko ta bakteriya, akwai wani ɗan inji da ake kira ribosom, wanda aikinsa shi ne ƙera furotin, kayan ginin jiki. Wani sashe na wannan injin yana sauyawa a hankali ƙwarai tsawon zamani, saboda haka idan aka karanta tsarinsa a halittu biyu, ana iya auna kusancinsu. Abin ya yi kama da yadda dattawanmu ke gane asalin baƙo ta tsagen fuskarsa, ba ta rigar da ya sa ba. Da Woese ya karanta na wasu ƙananan halittu masu fitar da iskar gas ta metan, sai ya ga nisansu da bakteriya ya kai nisan bakteriya da mu. Masana da yawa ba su karɓi maganar da hannu biyu ba a lokacin, an daɗe ana yi masa kallon mai zuzuta abu. A 1990, shi da Otto Kandler da Mark Wheelis suka ba da shawarar a kasa dukan masu rai gida uku: bakteriya, arkiya, sai kuma masu cibiya, inda mutum da dabba da tsiro da naman kaza suke.

Da aka ci gaba da tonawa, bambancin ya ƙara fitowa. Tantanin da ya lulluɓe ƙwayar arkiya an gina shi da wani irin kitse dabam, mai ɗauri irin nasa, ba irin na bakteriya ba kuma ba irin namu ba. Bangon da ke kare bakteriya yana da wani sinadari da maganin fenisilin ke rushewa. Arkiya ba su da shi, shi ya sa fenisilin ba ya yi musu komai. Abin da ya fi ɗaure wa masana kai kuwa shi ne kayan aikin da arkiya ke karanta DNA da kwafe shi. Waɗannan sun fi kama da namu nesa ba kusa ba. Da yawansu ma suna naɗe DNA ɗinsu a jikin wani furotin mai suna histon, yadda ƙwayoyin jikinki ke yi a wannan lokacin da kike karatu. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da farko an san su ne a wuraren da ba a tsammanin wani abu zai rayu. Thomas Brock ya samo wani mai suna Sulfolobus a maɓuɓɓugan ruwan zafi masu tsami na gandun Yellowstone a Amurka. A gaɓar tsibirin Vulcano na Italiya aka samo Pyrococcus furiosus, wanda ya fi jin daɗin rayuwa a zafin digiri 100, inda ruwan tukunya ke tafasa. A 2008 masu bincike a Japan suka nuna wani nau'in Methanopyrus kandleri yana hayayyafa a digiri 122, kuma har yau shi ke riƙe da kambin jure zafi. Wasu kuma gishiri suke so. A 1980 Anthony Walsby ya ɗebo ruwan gishiri daga wani kududdufi a Sinai ta Masar, ya ga ƙwayoyi shafaffu masu kusurwa huɗu, siffar da ba a taɓa gani ba a wata halitta irin wannan. Tafkunan kanwa ma gidansu ne: an samo nau'o'i da dama a tafkin Magadi na Kenya da Wadi Natrun na Masar. Ga wani abu da nake son ɗalibai su sani. Fasahar nan ta gyaran DNA da ake kira CRISPR, wadda ta jawo kyautar Nobel a 2020, ɗaya daga cikin tushenta yana wurin wani matashin mai bincike ɗan Sifen, Francisco Mojica, da ya lura da wasu maimaitattun layuka a DNA ɗin arkiya na fadamun gishirin Santa Pola a farkon shekarun 1990.

Saboda a irin waɗannan wurare aka fara samun su, wani kuskuren fahimta ya samo asali, har ya shiga littattafai, cewa arkiya halittun wuraren azaba ne kawai. Ba haka ba ne. A 1992 Edward DeLong da Jed Fuhrman, kowa da tawagarsa, suka gano su birjik a ruwan teku mai sanyi na yau da kullum. Daga baya aka ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan ƙwayoyin da ke yawo a ruwan teku arkiya ne. A 2005 aka yi nasarar renon ɗaya daga cikinsu, wanda aka ɗebo daga tankin kifi a birnin Seattle, sai aka ga abincinsa amoniya ne. 'Yan uwansa suna nan cikin ƙasar noma, suna daga cikin masu juya amoniyar da ke fita daga taki, ko na gargajiya ko na zamani, zuwa matakin farko na abin da saiwar gero da masara za ta sha.

Ba sai kin je teku ba ma. Saniyar da ke kwance tana tuƙa a bakin ruga, tumbinta cike yake da arkiya. Ƙananan halittu iri-iri ne ke narka mata ciyawa, kuma wajen aikin suna fitar da iskar haidirojin. Idan ta taru, aikin narkawar sai ya yi nauyi. Arkiya masu yin metan su ke kwashe ta, su haɗa da iskar kabon, su mayar da ita metan, saniya kuma ta fitar da shi ta gyatsa. Haka abin yake a cikin gara, da lakar gonar shinkafa, da ƙasan kududdufi. Idan kika soka kara a lakar fadama kika ga iska na ɓulɓulowa, aikinsu ne. Abin da Alessandro Volta ya yi ke nan a tafkin Maggiore na Italiya a 1776, ya tara iskar ya ga tana kama wuta. Masu haɗa gas ɗin girki da kashin shanu, su ma arkiya ne ke yi musu aikin ƙarshe. Sai dai metan yana da nasa nauyin, domin a cikin shekara 100 yana riƙe zafi kusan ninki 28 na iskar kabon, shi ya sa masu binciken ɗumamar yanayi suka sa wa tumbin saniya ido.

Batun cuta kuwa, ki kwantar da hankalinki. Akwai arkiya a hanjin yawancin mutane, wanda aka fi sani shi ne Methanobrevibacter smithii, akwai su a baki da kan fata. An same su da yawa a bakin masu ciwon dasashi, ana kuma binciken ko suna taimaka wa bakteriya masu ɓarna. Amma har yau ba a tabbatar da ko nau'i ɗaya na arkiya da ke haddasa cuta shi kaɗai ba, irin yadda aka tabbatar ga kwalara ko tarin fuka.

Yanzu ga tambayarki ta uku, wadda ita ce ta fi motsa masana a 'yan shekarun nan.

Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce yawancin ƙananan halittu ba sa yarda su yi girma a ɗakin gwaji. Sai aka samo hanyar zagaye: a ɗebo laka, a tsamo dukan DNA ɗin da ke cikinta a cakuɗe, a karanta shi gutsure-gutsure, sannan kwamfuta ta jera guntayen ta fitar da na kowace halitta. Da wannan hanyar ce tawagar Thijs Ettema ta Jami'ar Uppsala a Suwidin ta yi aiki a kan lakar da aka haƙo daga zurfin fiye da mita 3,000 tsakanin Norway da Girinlan, kusa da wata maɓuɓɓugar ruwan zafi da ake kira Gidan Loki. A 2015 suka sanar a mujallar Nature cewa sun ga wani arkiya da ba a sani ba, kuma a cikin DNA ɗinsa akwai umarnin ƙera wasu furotin da a da ake cewa masu cibiya ne kaɗai ke da su. Ɗaya daga ciki shi ne aktin, wanda ke ba ƙwayoyin jikinmu siffa, kuma da shi tsokar hannunki ke motsi. Zuwa 2017 an samo 'yan uwansa a wurare da dama, aka raɗa musu sunaye daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na da, Thor da Odin da Heimdall, aka kira zuriyar gaba ɗaya Asgard.

Ba kowa ne ya gamsu ba, kuma masu shakkar suna da hujjarsu. Babu wanda ya taɓa ganin halittar da idonsa, a kwamfuta kawai take. Patrick Forterre na Faransa da abokan aikinsa suka ce mai yiwuwa DNA ɗin wasu halittu ne ya gauraya wajen jerawa.

Ashe a Japan akwai masu wani aiki shiru tun kafin a fara wannan muhawarar. A 2006 jirgin nutso mai suna Shinkai 6500 ya ɗebo laka daga zurfin mita 2,533 a ramin teku na Nankai. Hiroyuki Imachi da abokan aikinsa, har da Masaru Nobu, suka zuba ta a wata na'ura mai soso a ciki, suna ba ta metan, suka bar ta fiye da shekara biyar. Daga nan suka riƙa tacewa suna rarrabewa a ƙananan kwalabe. Abin da suke reno yana ɗaukar kwana 14 zuwa 25 kafin ƙwaya ɗaya ta zama biyu, alhali bakteriyar hanji tana iya yin haka cikin minti 20. Shekara 12 aka kwashe kafin su samu abin da suke nema, kuma da aka karanta DNA ɗinsa sai ga shi ɗan zuriyar Asgard ne, da furotin ɗin nan duka a jikinsa, babu gauraye. Suka buga sakamakon a Janairun 2020, suka sa masa suna Prometheoarchaeum syntrophicum. Ni a ganina, a duk tarihin binciken arkiya babu aikin da ya fi wannan cancantar a ba ɗalibai labarinsa, domin mutanen nan sun yi shekaru suna ciyar da kwalabar da ba su da tabbacin akwai wani abu mai amfani a cikinta.

Siffarsa ta ba kowa mamaki. 'Yar dunƙulalliyar ƙwaya ce mai miƙa dogayen hannuwa masu rassa. Ba ta iya rayuwa ita kaɗai: tana cin guntayen furotin, ta fitar da haidirojin, sai wasu ƙananan halittu da ke maƙwabtaka da ita su kwashe. A ƙarshen 2022 tawagar Christa Schleper ta Jami'ar Vienna ta reni na biyu daga lakar gaɓar teku a Piran ta ƙasar Sulobeniya, kuma a cikin hannuwansa aka ga zaren aktin ƙuru-ƙuru.

Ga dalilin da wannan ya zama babban labari. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu 'yan gaɓoɓi da ake kira mitokondiriya, su ke ƙona abinci da iskar oksijin su ba mu ƙarfi. Suna da nasu DNA dabam, kuma tsarinsa na bakteriya ne; Lynn Margulis ta kare ra'ayin cewa asalinsu bakteriya ne tun 1967, daga baya hujjoji suka mara mata baya. Abin da ya rage shi ne wane ne mai masaukin da bakteriyar ta shiga cikinsa ta zauna. Bayanin da yawancin masu binciken suka karkata gare shi yanzu shi ne, kimanin shekara biliyan biyu da suka wuce, wani arkiya daga zuriyar Asgard ya ƙulla zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da wata bakteriya, har zaman ya kai ta zama ɗan gida, kuma daga wannan haɗin ƙwaya mai cibiya ta samu. Imachi da Nobu suna ganin hannuwan nan ne aka rungumo baƙuwar da su. Wasu na da nasu bayanin, kuma yadda ita cibiyar kanta ta samu har yanzu ana tafka muhawara a kai. A 2023 wani nazari da Laura Eme ta jagoranta ya nuna wani reshe na Asgard mai suna Hodarchaeales a matsayin mafi kusa da masu cibiya.

To idan kika ji an ce "danginmu", abin da ake nufi shi ne kusancin ginin ƙwayar halitta, kuma ba mutum kaɗai ba, har da akuya da dabino da yis ɗin burodi. Wanda ke cikin lakar Nankai a yau ba kakan kowa ba ne, shi ma ya yi tasa doguwar tafiyar tun daga wancan zamani.

Saura shawara ɗaya game da jarabawa. Littattafan makaranta da yawa suna kan rabon gida uku na Woese, wasu ma ba su kai nan ba. Idan an tambaye ki, ki ba da amsar da manhaja ta koyar. Amma ki sani cewa masu bincike da dama yanzu gida biyu suke ƙirgawa, bakteriya da arkiya, mu kuma reshe ne a cikin na biyun, ra'ayin da James Lake na Jami'ar Kalifoniya ya fara kawowa tun 1984 ba a saurare shi sosai ba. Idan kin samu dama, ki kai wa malaminki na bayoloji wannan batun ku tattauna a aji, sannan ki rubuto mini yadda kuka ƙare.