Amsoshin Wasiƙunku: Masu Neman Dangi a Ƙasar Rano da Kibiya

 Wasiƙun wannan mako kusan duk zancensu ɗaya ne, neman dangin da aka rabu da su tun ana yara, kuma mafi yawansu kudancin Kano suka dosa. Kamar kullum, a irin wannan magana ba ma karanta sunan mai wasiƙa ko lambar wayarsa. Suna ajiye a ofis, dalili kuwa za ku ji shi nan gaba kaɗan.

Ta farko daga Shagamu ta jihar Ogun ta fito, daga wani bawan Allah mai sayar da goro, wanda ya ce ya doshi shekara 50. Ga abin da yake cewa: "Ina ɗan shekara shida ko bakwai aka ba da ni ga wani malami, muka yi gabas. Malam ya rasu a can, almajirai suka watse, wani direban babbar mota ya ɗauke ni yaron mota, har na ƙare a Kurmi. Abin da na riƙe kaɗan ne. Ana ce mana 'yan Kibiya, akwai duwatsu a bayan garinmu, kuma na san laƙabin da ake kiran mahaifiyata da shi. Yanzu 'yata ta isa aure, dangin mai nemanta suna tambayar asalinmu, na rasa bakin magana. Ta ina zan fara?"

To Malam, Allah ya sada ka da naka. Duwatsun nan ka ajiye su gefe tukuna, domin ƙasar Rano da Kibiya duk inda ka waiwaya dutse ne, ba za su raba maka gari da gari ba. Shi ma "'yan Kibiya" kada ka ɗauka lalle cikin garin Kibiya ake nufi. Almajiri idan ya yi nisa da gida, da sunan babban garin da ke kusa da ƙauyensu ake kiransa. Kana iya zama ɗan Tarai, ko Nariya, ko Durba, ko Fassi, ko Kahu, ko wata 'yar unguwa da ba ta kai gida ashirin ba.

Abin da ya fi duka ƙarfi a hannunka ba ka ambace shi ba, wato sunan malaminku. Yaro ɗaya da ya tafi karatu bai dawo ba, gidansu kaɗai ke tuna shi. Amma malamin da ya kwashi 'ya'yan mutane ya yi gabas, aka ji ya rasu, yaran suka bi duniya, wannan labari ne na gari guda, kuma har yau akwai dattijon da zai ce maka, "Af, Malam wane! Ai da ɗan yayana aka tafi." Idan lissafinka daidai ne, farkon shekarun 1980 aka tafi da kai. Lokacin nan kuwa ba na wasa ba ne ga almajirai. Rikicin Maitatsine ya tashi a 'Yan Awaki cikin Kano a Disambar 1980, ya sake ɓarkewa a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, sannan Jimeta a 1984. Makarantun allo da ba ruwansu da fitinar sun tarwatse saboda tsoro da kame, iyaye da yawa kuma suka haƙura suka ɗauka 'ya'yansu sun mutu. Saboda haka kada shaiɗan ya raya maka cewa ba a neme ka ba. Mai yiwuwa an nema har an gaji, an yi maka sadaka.

Hanya kuwa tsohuwa ce, kuma har gobe tana aiki. Ka fara da Sarkin Hausawan Shagamu, ya ba ka takarda cewa an san ka, an san sana'arka. Ka tambaya a Sabo, unguwar Hausawan garin, ko akwai mutanen Rano ko Kibiya masu zuwa cin rani ko fataucin goro, ka samu wanda zai yi maka jagora. Idan ka iso, gidan Hakimin Kibiya za ka nufa. Hakimi shi ke kiran dagatai, dagaci ya kira masu unguwanni, mai unguwa kuma ya san kowane gida da abin da ya taɓa ɓace masa. In abin ya faskara, akwai fadar Sarkin Rano, Autan Bawo, wadda tun 2024 Rano da Kibiya da Bunkure ke ƙarƙashinta.

Kada ka sa rai da takardar haihuwa, a ƙauye a wancan zamani da wuya a yi ta. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne tsohon littafin haraji, domin har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, dagatai na riƙe da sunayen magidantan ƙasarsu. Wanda bai yar da nasa ba, sunan mahaifinka na iya kasancewa a ciki. Amma ni a ganina, waɗanda suka fi littafi su ne tsofaffin mata da wanzamai. Maza gona da iyakarta suke tunawa. Unguwarzoma da gwaggo da kishiyar uwa su ne suka san wane yaro ne ya ƙone da kunu a cinya, wane ne aka haifa da cindo. Wanzamin gari kuma gadon sana'ar yake yi, in akwai bille ko 'yan baka a fuskarka, yana iya duba su ya gane hannun ubansa. Waɗannan mutane kullum raguwa suke yi, don haka kada ka ce sai bayan biki.

Laƙabin mahaifiyarka kuwa, ka dunƙule shi a hannu, kada ka faɗa wa kowa, har mu nan. Bari su su faɗa. Dalilin ɓoye sunaye ke nan da na ce za ku ji. Da zarar an ji mai goro daga Kurmi na neman dangi, za a samu wanda zai bugo waya ya ce shi ƙaninka ne, inna na kwance a asibiti, a turo kuɗi. Wannan ma da sauƙi, asarar kuɗi ce. Wanda ya fi shi ciwo shi ne tsohuwar da ta shekara arba'in tana jiran ɗanta, ta gan ka ta rungume, tsakaninta da Allah ta yarda kai ne, alhali ba kai ba ne. Alamar da ka ɓoye ita za ta kare ka, ta kare ta.

Sai abu ɗaya da ba a son faɗa. Kana iya tarar da iyaye sun rasu, an raba gado, gonar ma ta shiga hannu na uku. Haƙƙinka bai faɗi ba, amma ranar farko ba ranarsa ba ce. Ka shiga da goronka, ka ce zumunci ya kawo ka da maganar auren 'yarsu. Da yawa ƙofa kan rufe ne don ƙanne sun zaci rabon gona baƙon ya zo tayarwa.

Mutanen Kibiya da ke saurare, wanda ya san malamin da ya yi gabas da yara a farkon shekarun 1980 ya rasu a can, ya tuntuɓi ofishinmu.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce a cikin garin Rano. Ta ce a gidansu ana ba da labari cewa Ningawa sun kama ƙanwar kakar kakanta tana yarinya ta je ɗiban ruwa. Tana tambaya ko gaskiya ne an yi haka, kuma ko za a iya gano jikokinta.

'Yata, an yi. Wajen 1846 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa saboda rigimar haraji da fadar Kano, suka shiga duwatsun Ningi cikin Butawa da Warjawa, suka kafa mulkinsu. Magadansa, irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya, sun shafe shekaru suna kai hari kudancin Kano suna kwashe mutane, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855, ya sha ɗaura musu yaƙi. Kuma kamun ba gefe ɗaya ba ne, rundunar Kano ma ta kwaso nasu. Sai dai ki sani, labarin gida yakan haɗa masifu biyu ya mai da su ɗaya. Akwai Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895, lokacin da Yusufawa, ɓangare ɗaya na masu yaƙin, suka yi sansani a Takai, nan maƙwabta. Akwai kuma yunwar Kakalaba ta 1914. Duk sun raba yara da iyayensu, kuma bayan shekara ɗari baki yakan ɗora wa Ningawa har abin da yunwa ta yi. Ki zauna da tsofaffin gidanku ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba, ki ɗauki muryarsu a waya, ki tambayi wane sarki ke mulki lokacin, kuma Turawa sun zo ko ba su zo ba.

Ta fannin takardu, akwai Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa a Kaduna, inda rahotannin gundumomi da rajistar bayin da aka 'yanta a farkon mulkin Turawa suke. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa cikin Kano, akwai kuma binciken digirin Adell Patton a kan Ningi. Za ki fahimci zamanin sosai. Gano jikokin yarinya ɗaya kuwa, ba zan yi miki alkawari ba, don wadda aka kama ana iya sayar da ita gaba, a canza mata suna. In ma Allah ya sa kin kai ga wani gida a Ningi, ki iya bakinki. Ba a shiga gidan mutane a ce musu kakarsu baiwa ce. Ki ce kina neman 'yar'uwar kakarku da yaƙi ya raba su.

Ga saƙon waya daga Rurum, wata uwa ce. Ɗanta ɗan shekara huɗu ya ɓace a 2017 sun je biki cikin birnin Kano, an yi cigiya a masallatai da rediyo, shiru. Baiwar Allah, Allah ya bayyana shi. Kada ki daina. A Oktoban 2019 'yan sanda sun gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Onica ta jihar Anambra, an canza musu suna, wasunsu Hausar ma ta kuɓuce musu. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, kuma a 2021 kotu ta yanke wa Paul Owne, ɗaya daga cikin waɗanda suka sace yaran, ɗaurin shekara 104. Abin da wannan ke nuna miki shi ne, yaron da za a gano yau ba lalle ya amsa sunansa ba. Don haka ki kai hotonsa da bayanin duk wani tabo ko tawadar Allah da ke jikinsa ga 'yan sanda, da hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, da Ma'aikatar Mata ta jiha wadda gidan yara na Nassarawa ke hannunta. Ki riƙa komawa kina sabunta ƙorafin, kuma kada ki canza lambar wayar da kika bari. Idan aka samu yaron da ake kokwanto, a nan ne gwajin ƙwayoyin halitta ke da amfani. Wanda ya ce ki kawo kuɗi ya duba miki inda yake, ki riƙe kuɗinki.

Ta ƙarshe daga Saji. Wani magidanci ya ce yayansu ya shekara 30 ba amo ba labari, mahaifinsu ya rasu bara, shin su raba kasonsa? Malam, ku dakata. A mazhabar Malikiyya wanda ya ɓace rayayye ne game da dukiyarsa har sai alƙali ya yanke hukuncin mutuwarsa, kuma abin da ya shahara shi ne a jira ya cika shekara 70 da haihuwa. Shekara huɗun da kuke ji, ta matar aure ce, ba ta dukiya ba. Ku je kotun shari'a da ke Rano, alƙali ya ware kason ya damƙa wa amintacce, in gona ce a ci gaba da noma ta ana rubuta abin da ta bayar. Ku kuma ku raba naku.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.