Daga Ina Sunan Nan "Ɗan Allah" Ya Fito?

Ko a kasuwa, ko a bakin rijiya, ko a makaranta inda yaranka suke, wata rana za a tambaye ku, a ce, "Ku Kirista kuna cewa Yesu Ɗan Allah ne. To, Allah ya yi aure ne?" Waɗansunmu sukan yi shiru, waɗansu kuwa sukan yi fushi. Maƙwabcinka Musulmi da ya yi tambayan nan kishin girman Allah yake yi, kada ka ɓata masa rai. Amsa ta fari ita ce, a'a, ko kusa. Allah Ruhu ne, ba shi da mata, ba ya haihuwa irin ta 'yan adam. Amma yaronka zai komo gida ya ce, "Baba, to, mene ne ma'anar sunan?" Ya kamata ka sami abin gaya masa.

Sunan nan daga Yahudawa ya fito, mutanen da suke shaida safe da maraice cewa Allah ɗaya ne, tun zamanin dā har wa yau. Yesu Bayahude ne, manzanninsa goma sha biyu kuma duka Yahudawa. Mutane irin waɗannan ba za su taɓa tunanin Allah da mata ba. To, me suka ji a kunnensu sa'ad da aka ce ɗa?

Ka dubi bakinmu na Hausa. Muna cewa ɗan kasuwa, amma kasuwa ba ta haifi kowa ba. Muna cewa ɗan gari, ɗan sanda. Ibrananci ma haka yake. Almajiran annabawa ana kiransu 'ya'yan annabawa, mala'iku kuma a farkon littafin Ayuba an kira su 'ya'yan Allah.

Wanda aka fara kira ɗan farin Allah jama'a ce dungum. Cikin Fitowa 4:22 Ubangiji ya aiki Musa ya gaya wa Fir'auna cewa Isra'ila ɗan farinsa ne, ya sake shi. A lokacin nan bayi ne masu yin tubali, ba su da ƙasa, ba su da sarki. Allah ne ya zaɓe su, ya ƙaunace su, ya ajiye musu gādo, yana kuma neman biyayya daga gare su kamar yadda uba yake nema.

Daga baya, wajen shekara 1000 kafin haihuwar Almasihu, Dawuda ya so ya gina wa Allah ɗaki. Annabi Natan ya kawo masa amsa cikin 2 Sama'ila 7. Ba Dawuda zai gina ba. Allah ne zai kafa gidan Dawuda, wanda zai gāji gadon sarauta daga zuriyarsa kuwa Allah zai zama uba gare shi, shi kuma ya zama ɗa. Zabura 2 tana ɗauke da maganan nan. Ranar da aka naɗa sarki a Sihiyona, ranan nan aka kira shi ɗa. Kai da ka taɓa ganin naɗin sarauta ka san mutum yakan sami sabon suna ranar da aka ɗaura masa rawani.

Amma jikokin Dawuda da yawa suka bi gumaka. Wajen shekara 587 kafin Almasihu mutanen Babila suka ƙone Urushalima, sarautar ta faɗi. Yahudawa ba su ce alkawarin ya mutu ba. Suka sa ido ga wani ɗan Dawuda mai zuwa, wato shafaffe, Almasihu.

Akwai shaidar wannan har a waje da Littafi Mai Tsarki. A shekara ta 1947 makiyaya suka tarar da tsofaffin littattafan Yahudawa cikin tuluna a wani kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. Daga kogon da aka gano a 1952 aka sami wata takarda wadda ta ɗauki alkawarin da Natan ya kawo ta ɗora shi a kan Almasihu na gidan Dawuda. Wata kuma, da harshen Aramiya, tana maganar wani wanda za a kira ɗan Allah, ɗan Maɗaukaki. Masana suna gardama kan ko wane ne ake nufi a wannan ta biyu, amma sunayen suna nan a rubuce, da hannun Yahudawa. Domin haka sa'ad da Bitrus ya shaida Yesu, da kuma sa'ad da babban firist ya tuhume shi, dukansu biyu suka haɗa Almasihu da Ɗa cikin magana ɗaya.

A ganina inda abin ya fi daɗi shi ne cikin jeji. Isra'ila, ɗan fari, ya yi shekara 40 a jeji yana gunaguni saboda abinci, yana gwada Allah, har ya yi sujada ga ɗan maraƙi na zinariya. Yesu ya yi kwana 40 a jeji da yunwa. Shaiɗan ya ɗora jarabarsa a kan sunan nan na Ɗa, Yesu kuwa ya amsa masa sau uku daga Maimaitawar Shari'a, littafin da Musa ya gargaɗi Isra'ila da shi. Inda ɗan fari ya fāɗi, nan Yesu ya tsaya.

Amma kada ka gaya wa maƙwabcinka cewa iyakarta ke nan, domin ka sami sauƙin gardama. Sulemanu ya zama ɗa ta wurin zaɓe da naɗi. Mu kuwa mun gaskata Yesu Ɗa ne tun fil'azal, kafin a yi duniya, abin da shugabannin ikilisiya suka tabbatar a taron Nikiya a shekara ta 325. Yahaya 5:18 ya nuna cewa shugabannin Yahudawa sun gane Yesu yana mai da kansa daidai da Allah, suka kuwa ƙi. Yawancin Yahudawa har yau ba su karɓi wannan ba. Kada ka zage su a gaban yaranka, gama daga hannunsu muka karɓi Attaura da Zabura.

Daren nan, bayan tuwo, ka tara iyalinka ka karanta musu 2 Sama'ila 7, sa'an nan maganar mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu cikin Luka 1. Ka bar yaran su nemo da kansu kalmomin da suka yi kama.