Zafin Da Sabulu Ke Haifa Wa Kansa: Matsalar Ƙonewar Sabulun Madarar Kwakwa

Gabatarwa

A ƙasashen da kwakwa ta fi albarka, irin su Indonesiya da Filifin da kudancin Indiya, madarar kwakwa tsohuwar abar girki ce, kuma tana daga cikin abubuwan da masu yin sabulu a gida suke sha'awar zubawa a haɗinsu, domin tana ba sabulu kumfa mai laushi. A yau wannan sana'a ta bazu ko'ina, har da garuruwan da ake sayen kwakwar daga bakin teku, kamar Badagry ta Jihar Legas. Sai dai akwai wata matsala da kan ci wa masu sana'ar tuwo a ƙwarya. Mace za ta auna kayanta daidai, ta dama, ta zuba a mazubi, bayan sa'a ɗaya ko biyu ta dawo ta tarar sabulun ya tsage, ko ya yi duhu, ko ma ya kumbura ya malalo waje. Jari ya salwanta ke nan, kuma abin da ya malalo yana iya ƙona fata. Wannan maƙala za ta bayyana inda zafin yake fitowa, da abin da ya sa madarar kwakwa take ƙara rura shi, da kuma hanyoyin shawo kansa.

Yadda Mai Ke Rikiɗa Ya Zama Sabulu

Masanin kimiyyar sinadarai na ƙasar Faransa, Michel Eugène Chevreul, shi ne ya fayyace sirrin sabulu a littafin da ya buga a shekarar 1823. Ya nuna cewa kowane mai ko kitse ya ƙunshi gilisarin wanda asid-asid na mai suke maƙale da shi. Idan aka haɗa man da sinadari mai kaifi dangin kanwa, sai wannan ƙulli ya warware, gilisarin ya koma gefe, asid ɗin kuma ya haɗu da sinadarin ya zama sabulu. Wannan ka'ida ita ce take aiki a sabulun salo, inda ruwan toka yake yin aikin, ita ce kuma take aiki a sabulun da ake yi da sodar sabulu, wadda masana ke kira sodiyam haidiroksaid.

A hanyar da ake kira haɗin sanyi, ba a ɗora tukunya a wuta. Ana narkar da soda a ruwa, a zuba a cikin mai, a dama har ya yi kaurin koko, sa'an nan a juye a mazubi a bar shi ya ƙarasa aikinsa. Sunan yana iya ruɗar mai koyo, domin kuwa haɗin da kansa yake samar da zafinsa, kuma wannan zafi yana da tushe biyu.

Tushe na farko shi ne narkewar soda. Kowane giram 40 na soda yakan saki kimanin kilojul 40 na zafi idan ya narke a ruwa. Saboda haka ruwan soda na haɗin sabulu yana iya kai digiri 90 a ma'aunin Salshiyas cikin 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da an kunna wuta ba. Tushe na biyu shi ne rikiɗar man kanta, wadda ita ma take sakin zafi a hankali cikin sa'o'in da haɗin yake kwance a mazubi.

A nan ne haɗarin yake. Tun a 1889 masanin ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana yadda zafi yake hanzarta aikin sinadarai, kuma a kan wannan ne ɗalibai suka riƙe ƙiyasin cewa ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin aikin. Wato rikiɗa tana haifar da zafi, zafin yana hanzarta rikiɗa, rikiɗar kuma ta ƙara haifar da wani zafin. Muddin zafin yana fita daga mazubi daidai da yadda yake samuwa, komai zai tafi lafiya. Da zarar samuwarsa ta fi fitarsa, sai lamarin ya kuɓuce.

Abin Da Madarar Kwakwa Ke Ƙarawa

Ya kamata a bambanta madarar kwakwa da ruwan kwakwa. Ruwan shi ne wanda ake samu a cikin ƙwallon idan an fasa, madarar kuwa tatso ta ake yi daga farin naman bayan an goge shi ko an niƙa. Madara mai kauri tana ƙunshe da mai kimanin kashi 20 zuwa 24 cikin ɗari, furotin kimanin kashi 2, da sukari ɗan kaɗan, ragowar kuma mafi yawansa ruwa ne. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da rawar da yake takawa.

Sukari da furotin ba sa jure wa zafi a cikin ruwan soda. Sukarin yakan wargaje, ya kuma haɗu da furotin ta irin hanyar da Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, wadda ita ce take sa bayan burodi ya yi ja. Shi ya sa madarar da aka zuba wa soda gaba ɗaya take juyawa daga fari zuwa rawaya, daga nan zuwa ruwan goro, har ta yi baƙi-baƙi da ƙauri. Furotin ɗin kuma yakan saki ammoniya, mai warin da ke hawa kai. Bugu da ƙari, masu sana'ar sun daɗe da lura cewa duk haɗin da aka sa wa sukari, ko zuma, ko madara kowace iri, ya fi saurin ɗaukar zafi a mazubi. Madarar kwali da ake sayarwa domin sha sau da yawa an ƙara mata sukari, don haka ta fi ta gida haɗari.

Man da ke cikin madarar kuwa man kwakwa ne, wanda kusan rabinsa asid ɗin lorik ne. Ƙwayoyin wannan mai ƙanana ne, saboda haka sun fi yawa a kowane kilo, sun fi cin soda, sun kuma fi saurin rikiɗa. Kilo ɗaya na man kwakwa yana buƙatar soda kimanin giram 183, alhali man zaitun giram 135 yake buƙata, man kaɗanya kuma kimanin 128. Alayyadi, wato man ƙwallon kwakwar manja, ɗan'uwan man kwakwa ne ta wannan fuska. Ke nan duk haɗin da ya yawaita waɗannan mayuka biyu ya riga ya zama mai zafin rai tun kafin a kawo madara.

Akwai kuma wani kuskuren lissafi da ba kasafai ake lura da shi ba. Alal misali, a ɗauki haɗin da ke da man kwakwa giram 300 da man zaitun giram 700. Sodarsa za ta kama kimanin giram 142, bayan an rage kashi 5 cikin ɗari domin a bar ɗan mai mai tausasa fata, ruwansa kuma giram 330. A wannan awo, soda kashi 30 ce cikin ɗari na ruwan sodar. To, idan aka maye gurbin ruwan da madara giram 330, ainihin ruwan da ke ciki bai wuce kimanin giram 235 ba, sai ƙarfin sodar ya haura zuwa kusan kashi 38. Ruwan soda mai ƙarfi ya fi saurin aiki, ga kuma ƙarancin ruwan da zai shanye zafin. Har ila yau, madarar ta shigo da ƙarin mai kimanin giram 70, wanda yake fara zama sabulu tun a cikin kofin soda, shi ya sa ruwan yake yin kauri kamar kunu.

Alamomin Wucewar Zafi

Ɗumin mazubi shi kaɗai ba aibu ba ne. Sabulu da yawa yakan shiga wani mataki da tsakiyarsa take yin duhu da sheƙi kamar man basilin, abin ya riƙa faɗaɗa zuwa gefe, sa'an nan ya huce ya daskare. Wannan mataki ba ya ɓata sabulu. Idan zafin bai kai gefe ba, akan ga wani da'ira mai duhu a tsakiyar kowane yanka, wanda muni ne kawai ga ido.

Alamar farko ta wuce gona da iri ita ce tsagewar saman sabulun a tsawonsa, domin ciki ya kumbura alhali sama ya riga ya bushe. Idan abin ya ci gaba, saman yakan yamutse, ko mai ya riƙa tsattsafowa. A wani lokaci sai an zo yanka ake tarar da kogo a tsakiya, cike da mai ko ruwa mai kaifi, alamar cewa haɗin ya rabu. Mafi muni shi ne idan tsakiyar ta kusanci matakin tafasar ruwa: tururi zai taso ya tura haɗin sama, ya yi ambaliya kamar dutse mai aman wuta.

Girman Mazubi Da Yanayin Gari

Kowa ya san babbar malmalar tuwo ta fi ƙarama daɗewa da zafi. Dalilin lissafi ne. Curin sabulu mai santimita 10 ta kowace fuska yana da faɗin jiki santimita murabba'i 600. Idan aka ninka shi zuwa santimita 20, abin da ke ciki ya ninku sau 8, amma faɗin jikin da zafi zai bi ya fita sau 4 kawai ya ninku. Wannan shi ya sa haɗin da ya yi kyau a gwajin kilo ɗaya yake iya ƙonewa ranar da aka ninka shi domin kasuwa. Mazubin katako mai kauri ma yana riƙe zafi fiye da na roba marar kauri.

Yawancin umarnin yin sabulu da ke yawo an rubuta su ne a Turai da Amurka, inda ake shawartar a lulluɓe mazubi da bargo don kada ya huce da wuri. Wanda ya bi wannan shawara a Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Afrilu, lokacin da zafin rana yake kai digiri 40 ko ya wuce, ya ƙara wa wuta itace. Zafi yana fita ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin abu da iskar da ke kewaye da shi, kuma a lokacin bazara wannan tazara ta ragu ƙwarai.

Hanyoyin Rigakafi

Hanya ta farko ita ce daskarar da madarar ta zama ƙananan ƙanƙara kafin a zuba mata soda. Narkar da giram ɗaya na ƙanƙara yana cin jul 334, wato daidai da zafin da zai ɗaga giram ɗaya na ruwa da digiri 80. Ta haka mafi yawan zafin sodar yake ƙarewa wajen narkarwa. Ana zuba sodar cokali-cokali ana juyawa, kofin yana zaune a cikin kwanon ruwan sanyi, sa'an nan a tabbata duk ƙwayoyinta sun narke.

Hanya ta biyu ta fi dacewa da inda wutar lantarki ba ta da tabbas. A narkar da sodar a ruwa tsantsa wanda nauyinsa bai gaza nata ba, a bari ya huce sarai, a haɗa da mai, sa'an nan a zuba madarar a matsayin ragowar ruwan. A misalin da ya gabata, soda giram 142 za ta shiga ruwa giram 165, madara kuma giram 165 ta biyo baya. Ta wannan hanya madarar ba ta gamuwa da zafin narkewar soda ko kaɗan.

Bayan haka, a haɗa mai da ruwan soda suna tsakanin digiri 27 zuwa 35, a kuma daina damawa da zarar haɗin ya fara kauri. A guji tara masu rura zafi a haɗi ɗaya, kamar zuma da turaren kanumfari ko na kirfa. A yi amfani da ƙananan mazubai ko faranti mai faɗi marar zurfi, kada a rufe, a ɗora a kan waya ko bulo biyu domin iska ta ratsa ƙasa, a sa fanka ko a ajiye a firiji na yini guda. Yin aikin da asuba ko da dare, ko a lokacin hunturu, yana taimakawa matuƙa. Ma'aunin zafi kuwa, kuɗinsa bai kai na man da haɗi ɗaya zai lalata ba.

Idan Ɓarna Ta Riga Ta Auku

Sabulun da ya tsage ko ya yi duhu kawai yana nan da amfaninsa. A bar shi ya sha iska mako 4 zuwa 6, warin ammoniya zai gushe. Wanda ya rabu ko ya yi ambaliya kuwa, a kwashe shi duka, har da man da ya tsiyaye, a zuba a tukunyar bakin ƙarfe marar tsatsa, a dafa a wuta kaɗan ana juyawa har ya haɗe, sa'an nan a sake zubawa. Zubar da man da ya tsiyaye yana barin soda fiye da kima a cikin ragowar, kuma irin wannan sabulu yana cin fata.

Wajibi ne a sa safar hannu da tabarau a duk matakan nan. Soda ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Kada a yi amfani da tukunyar alminiyam, irin ta dalma da aka saba girki da ita, domin soda tana cin ta tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Idan haɗin ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, idan ido ne kuma a garzaya asibiti. A nisanta yara daga wurin aikin.

Kammalawa

Ƙonewar sabulun madarar kwakwa ba ta rasa nasaba da abubuwa huɗu: zafin da aka fara da shi, ƙarfin ruwan soda, irin man da aka zaɓa, da kuma hanyar da aka bar wa zafi ya fita. Dukkansu suna hannun mai sana'a, kuma ana iya auna su. Mai yin sabulun da ya riƙe littafi yana rubuta awon kayansa, da zafin haɗinsa, da girman mazubinsa, da yanayin garin a ranar, zai gane da kansa wanne daga cikin huɗun ne ya jawo masa asara, ya kuma gyara shi kafin ya sake zuba jarinsa.